Farar Hoda da Cikin Talle

Ruwan bana ya ƙi ɗagawa. Tun shigowar marka lungunan Koki suka koma kwata, wanki ba ya bushewa, itace ba ya kamawa, gishiri ya narke a gwangwani. Shekaranjiya da hantsi katangar maƙwabtanmu ta zauna, ba ƙara ba komai, kamar raƙumi ya durƙusa. Allah Ya tsare ba kowa a gindinta. Da warin tsohuwar ƙasar da ta sha ruwa ya shigo mini ɗaki sai na ajiye carbi, don na san inda zai kai ni. Daminar yaƙi zai kai ni, wadda na yi da cikin Talle.

Da ƙuruciyata a lokacin, ban daɗe a gidan Habu ba. Habu ɗan dako ne a filin gyada, buhu yake ɗauka a ka tun safe har la'asar. Bayan rikicin da ya sa mutanen Sabon Gari suka kwashe suka tafi, jirgin ƙasa ya daina zuwa yadda ya saba, gyada ta taru ba mai ɗauka, aikin dako ya yi ƙasa. Sai ga yaƙi, ana shela ana neman samari. Habu ya je aka auna ƙirjinsa aka ɗauke shi. Ya tafi da farkon bazara, ina da ɓatan wata, ko mahaifiyarsa ban gaya wa ba tukuna.

Mu biyu ya bari a gidan, ni da Inna Yalwa da ta haife shi. Wansa, Yaya Ilu, yana aiki a sito na gyada, yana zaune da iyalinsa a Dukawuya, yakan leƙo mu in ya tashi aiki. Dangin Inna Filani ne, suna ƙauye, duk kaka sukan aiko mata da gero da wake a bayan jaki. A shekarar kaɗan suka aiko, suka ce a yi haƙuri, samarin da ke noma sun tafi. Inna ta sa aka jera buhunan a ɗakina, don shi ne mai ƙyaure mai kyau. Ta dafa su ta ce, "Yarinya, ki dube su da kyau. Su za su kai mu kaka. In sun ƙare a hanya, mu ma mun ƙare."

Bazarar nan ta yi zafi irin wanda ko kaza ba ta motsi. Ruwan randa kamar an ɗora shi a wuta. Kananzir ya ɓace a kasuwa, sabulu ya zama na masu hali, da toka muke wanke kwano. Ni ga laulayi, ko ƙamshin daddawa na ji sai na fita bayan ɗaki. A haka Inna ta gane, sai ta karɓe taɓarya daga hannuna ta ce daga yau ba ni ba daka.

Cikin wannan zafin ƙwaro ya shiga waken. Da rana tsaka in gari ya yi tsit, in ka kasa kunne jikin buhu, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas a ciki. Muka zazzage a tabarma muka shanya. Muka cuɗa da toka, muka cuɗa da barkono har idanunmu suka kumbura. Bayan 'yan kwanaki ka ɗebo wake a tafin hannu, rabinsa ɓawo ne da huda. Daga nan ya tsallaka zuwa geron. Na taɓa ganin Inna zaune gaban buhu tana murza gero a hannu, gari yana zuba ta tsakanin yatsunta, bakinta yana motsi, ban san ko addu'a take ba ko lissafin kwana.

Ran nan Yaya Ilu ya shigo da gwangwani a naɗe cikin tsumma. Ya buɗe, farar hoda ce mai laushi kamar garin rogo, tana wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya ce, "Inna, ga abin da muke zuba wa gyadar da za a kai Turai. Ƙwaro ko ɗaya ba ya kwana."

Inna ta ce, "Abin da zai kashe ƙwaro ba zai kashe mutum ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ni da nake wuni a cikinta? Dube ni, har gemuna fari yake fita. In za a dafa a wanke, shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa iya saninsa. Har ya koma ga Allah bai san wani abu bayan wannan ba.

Tunda an hana ni daka da ɗiban ruwa, aikin zaune ya zama nawa. Ni na zauna na baje ƙafa a tabarma, Inna tana zazzago gero, ina barbaɗa hodar ina cuɗawa da hannu har gwiwar hannu. Ta shiga hanci, ta shiga ƙumba, ta manne a gumin wuyana. Kashegari kuwa muka share ƙwari matattu baƙi ƙirin a ƙasan buhunan. Inna ta yi ta sa wa Yaya Ilu albarka. Da muka ga aikinta sai muka barbaɗa a gadon kara saboda kuɗin cizo, muka zuba a bakin bango saboda gara. Maƙwabta suka yi ta aiko da murfin kwano a sam musu. A ɗakin nake kwana, kaina kusa da buhunan.

Ruwan farko ya sauka da iska, muka ji sanyi a rai. Amma damina ga wanda ba shi da gona yunwa ce kawai mai laima. Hatsi ya hau a kasuwa, namu yana sauka a buhu. Inna ta mai da girki sau ɗaya, da yamma. Da safe kunu ne tsararo, wanda kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Akuyar da muke da ita aka kai ta kasuwa. Da tana nan, dusa da ƙasarin da aka wanke surfe nata ne. Da ta tafi sai suka zama namu. Inna ta ce zubar da ƙasari a wannan shekara alhaki ne. Mukan bar shi ya kwanta mu dama, dusar kuma mu tankaɗe mu haɗa da ganye. Wanke hatsin da Yaya Ilu ya ce a yi muna yi, sai dai ruwan wankin ma cikinmu yake komawa.

Da hantsi in ruwa ya tsagaita, matan lungu sukan haɗu su fita gindin ganuwa tsinkar tafasa da rama. Inna takan bi su, ta dawo zanenta jiƙe sharkaf, ƙafafunta duk taɓo. Ni kuma ina gida ina ɓarar sharar gyada da Yaya Ilu yake kawo mana daga sito, wadda ta zube a ƙasa aka share. Ita ma fari fat take zuwa. Mukan soya mu matse mai, mu yi ƙuli-ƙuli mu daka a kwaɗon tafasa. Cikin nan kuwa ba abin da yake so irin ɗanyar gyada. Ina ɓara ina jefawa a baki, in goge a zane kawai. Inna ta gani takan ce, "Ci, yarinya. Ba ke kike ci ba, ɗan Habu ne."

Ba ta taɓa cewa 'yar Habu ba.

Marka ta zo ta zauna. Sama ta yi baƙi kwana da kwanaki, soro yana ɗiga, mun jera kwanoni da ƙwarya a tsakar ɗaki. Bangon ɗakin Inna ya tsage, ta dawo nawa. Ɓeraye ma suka dawo nawa, don can ne kaɗai busasshen wuri mai abinci. Su hodar ba ta kashe su. Suna huda buhu su ci su ƙoshi, su yi sheƙa a cikin bango, su haihu. Da rana ma ba sa jin kunyar fitowa. Labarin yaƙi kuwa sai a rediyon mai shayi na bakin lungu, kullum an ci gari kaza, ba a faɗin wanda ya faɗi wajen cin garin. In mai shayi ya ƙara murya Inna takan tsaya a zaure da buta a hannu, ta manta abin da ta fito yi.

Hatsin ya kai mu kaka. Da ƙyar, da kakkaɓe gindin buhu, amma ya kai.

Da ruwa ya ɗauke aka kira Baba Tanko magini ya gyara bangon. Tsoho ne mai barkwanci, mafarauci ne a da, ba dabbar da bai san cikinta da bayanta ba. Yana sarar tsagar bangon sai ga sheƙar ɓeraye, manya da matasa, suna ta tsere. Ya bi su da bayan fartanya ya tara su a gefe. Ina zaune a inuwa da tsohon ciki, na ga ya tsuguna yana jujjuya su da tsinke.

Ya ce, "Inna Yalwa, gidanki na mata ne har a ɓeraye?"

Inna ta ce, "Kai dai Tanko ba ka rabo da shiririta."

Ya ce, "Wallahi da gaske nake. Namijin ɓera ai ba ya ɓuya, kayansa ya fi ƙarfin jikinsa. Tsofaffin nan ga mazansu a fili. Amma 'yan bana, dubi wannan. Kansa na namiji, ƙasansa a shafe. Ga kuma nono a cikinsa, ni kuwa tunda nake ban taɓa ganin namijin ɓera da kan nono ba."

Inna ta ce, "To Allah Ya ƙara, su ƙare gaba ɗaya." Muka yi dariya har da ni. Ya kwashe su a kwando ya kai juji.

Bayan 'yan kwanaki na haihu, ana kiran sallar azahar. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, don haka ba a kai ni wankan gida ba, Inna ce ta tsaya mini. Na ji kukan jariri, na ji ungozoma ta ce namiji ne, Inna ta rangaɗa guɗa da tsohuwar muryarta. Sai kuma na ji guɗar ta yanke. Suka juya mini baya suna magana ƙasa-ƙasa. Abin da kunnena ya tsinta shi ne ungozoma tana cewa, "Jakar marainan ba komai a ciki, kuma ƙofar fitsarin ta ƙasa take. Amma za su sauko. Na taɓa ganin wanda suka sauko."

Kafin in gama wanka wani soja ɗan Zaitawa ya dawo da hannu ɗaya. Shi ya zo zaure ya gaya wa Yaya Ilu cewa Habu ya rasu a bakin wani kogi tun tsakiyar damina, an binne su tare da wasu. Ashe duk tsayuwar da Inna take yi a zaure da buta, ɗanta yana ƙasa. Na haɗa jego da makoki. Yaron kuma, da aka raɗa masa sunan kakansa, sai kowa ya koma kiransa Talle, sunan marayu.

Inna ta ɗauke shi kamar ita ta haife shi. Ni dama ɗan farina ne, ba na kiran sunansa na yanka, ba na ɗaukarsa a gaban mutane. Ya tashi yana ce mini Adda, kamar yayarsa. Duk wankan da Inna za ta yi masa sai na ga ta duba, ta naɗe shi. Ba su sauko ba. Da ya isa kaciya aka tara sa'anninsa, wanzami ya duba shi ya mai da askarsa cikin zabira, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, a kai asibiti. Inna ta ƙi. Ta ce asibiti yanka mutane suke yi, kuma shi kaɗai Habu ya bari. Aka bi malamai, aka bi masu sassaƙe. Sai da ya fara tasawa, yara suna tsokanarsa don ba ya tsayawa fitsari tare da su a bayan makaranta, sannan Yaya Ilu ya kai shi. Aka yi masa aiki. Likitan ya ce an gyara abin da zai gyaru, amma an makara.

Ni a lokacin na yi wani auren a nan cikin Koki, na haifi 'ya'ya mata lafiyayyu. Talle ya zauna da Inna, ya koyi ɗinki, ya zama tela mai hannu, marar magana. Ranar da Inna za ta cika ta kama hannuna ta ce, "Ki yi masa aure da wuri. Kada gidan Habu ya mutu."

Na yi masa. Hanne sunanta, yarinya mai fara'a, in tana wanke-wanke har lungu ake jin waƙarta. Shekaru suka yi ta wucewa ba ɓatan wata. Mu 'yan kaɗan da muka san abin da ungozoma ta gani muka yi shiru, don ba maganar da ake yi ba ce. Dangi kuwa Hanne suka sa wa ido. Ta sha rubutu, ta sha jiƙo mai ɗaci, an yi mata turare, an kai ta ƙauye wajen mai magani. A wajen biki in an miƙo jariri sai a tsallake ta. Waƙar wanke-wanke ta daina. Rannan Talle ya je asibiti shi kaɗai aka gwada shi, ya dawo bai gaya wa kowa ba, ya sallame ta. Ya ce mata ba abin da ta yi masa. Ta yi aure a Zaitawa, shekara na zagayowa ta haifi namiji. Duk unguwa ta gane. Talle bai sake aure ba. Yana shagonsa, furfura ta cika masa kai, yana ɗinka wa 'ya'yan mutane kayan suna.

Da azumin bara jikata Ummi, 'yar wajen autata, ta zo ta kwana biyu a wurina. Tana karatun kimiyya a jami'a. Muna tsinkar zogale nake tsokanarta, na ce an ce ɓeraye take kiwo, wa zai auri mai kiwon ɓera?

Ta ce, "Hajiya, farare ne tas, sun fi mijinki tsafta." Sai ta shiga ba ni labari, tunda tsakanin jika da kaka ba kunya. Ta ce akwai wani sinadari da jikin ɗan tayi yake fitarwa, shi yake sa halittar namiji ta cika. Wasu magungunan ƙwari da wasu robobi, in sun shiga jinin uwa a 'yan kwanakin da ake wannan halitta, sai su tare masa hanya. Uwar ba ta jin komai, tana ci tana sha. 'Ya'yan ma a haife su da rai da lafiya. Sai dai mazan su fito maraina ba su sauko ba, ƙofar fitsari a karkace, wasu da kan nono irin na mata, in sun girma kuma ba sa iya ba da ciki.

Zogalen ya zube daga cinyata. Na ce, "Da nono?"

Ta ce, "Eh. Ai namijin ɓera ba shi da shi."

Na ba ta labarin hodar, da ƙasarin, da gyadar, da ɓerayen Baba Tanko. Ta san kawunta Talle ba shi da ɗa, amma ba ta san sauran ba sai ranar.

Ta ce, "Hajiya, ɓera ba mutum ba ne. Kuma ban san wace hoda ce ba. Ana haifar yara haka ko ba hoda. Ba zan iya ce miki ita ce ba."

Na ce, "Za ki iya ce mini ba ita ba ce?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a."

Ranar Juma'a Talle ya biyo daga masallaci kamar yadda ya saba, ya zauna a bakin ƙofa ya gaishe ni. Ban taɓa yi masa doguwar magana ba tunda na haife shi. Ranar na yi, ina kallon tabarma. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Adda, da ba a zuba ba, hatsin zai kai kaka?"

Na ce, "Ba zai kai ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To." Can ya ƙara da cewa, "Hanne ya kamata ta ji. Ita ta sha ɗacin."

Shi ba zai shiga gidan wani ba, don haka ni na yafa mayafi na tafi Zaitawa a hankali, ina hutawa a dakalin mutane. Na same ta a tsakar gida ta yi ƙiba, jikoki suna hawa bayanta. Ta rasa inda za ta sa ni don murna, ta shimfiɗa mini darduma, ta kore yaran. Na faɗa mata abin da ya kawo ni, na ce ko ma mene ne sanadin, ba daga gare ta ba ne, kuma mun sani tun tuni muka bar ta ta sha.

Ta ce, "Hajiya, ai na sani. Matarsa ce ni, ya za a yi ban sani ba? Rubutun nan da jiƙon, ina sha ne don kada a juya a kalle shi."

Ta gyara ɗankwalinta, ta kalli ƙofar da yaran suka fita, ta rage murya.

"Da ya tambaye ni, da na zauna. Bai tambaye ni ba."

Da Juma'a ta zagayo Talle ya ce, "Adda, kin je?" Na ce na je, tana gaishe shi, ta ce ba komai. Ya ce madalla, ya sa takalminsa ya koma shago.